Kokawar Kaka a Ƙasar Gaya: Ga Gwanaye a Fage, Ina Tsanin Hawa?

Idan aka gama yankan gero, aka kai dammuna rumbu, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran ranarta, sai ƙauyukan da ke tsakanin Gaya da Ajingi su canja murya. Da la'asar sakaliya za ka jiyo ganga daga nesa, ba irin kiɗan da ake yi wa masu gayya a gona ba, wani ne mai gajeren numfashi, mai tsikarar jinin samari. Ba a buga takardar gayyata, ba a yin shela a rediyo. Labari ne ke bin bakin 'yan kasuwa: ranar kaza samarin gari kaza za su zo. Shi ke nan, an sa rana.

Fagen ma ba gina shi ake yi ba. Gonar da aka riga aka girbe ce, a share kututturan kara, a bar yashi mai laushi. Mutane su yi da'ira, yara su ɗare rassan itatuwa, masu tallar dafaffiyar gyaɗa da rake su kafa a baya. Ɗan kokawa zai shigo da gajeren wando, guru a ƙugu, kambu a damtse. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya yi kirari, ya zaga fage yana duban wanda zai iya fito masa. In an samu, sai su sunkuya su fuskanci juna, kowa yana miƙa hannu yana janyewa, ana laluben inda za a kama. Wannan laluben yakan fi kokawar kanta daɗewa, kuma masana sun san a nan ake cin wasan. Da an sarƙe, ƙiftawar ido ce: a taɗe ƙafa, ko a ɗaga mutum cak, sai ihu ya ɗauke sautin ganga. Wanda ya yi kaye a ɗauke shi sama, a liƙa masa kuɗi a goshi. Wanda aka kayar ya karkaɗe jiki ya koma cikin mutanensa.

Ina yaro na san wani saurayi a ƙauyen kakannina, can gefen Ajingi. Gajere ne, kakkaura, ba shi da yawan magana, ko kirarin ma a taƙaice yake yinsa. Dabararsa guda ce, kowa ya san ta, amma ba mai iya kauce mata: yakan bari abokin karawa ya gaji da sunkuyo, da zarar ya ɗan ɗago don ya huta wa bayansa, sai ya shige masa ƙasa ya rungumo ƙugu. Kaka uku a jere bayansa bai taɓa ƙasa ba. Da na girma na tambayi kawuna, wanda ba ya fashin zuwa fage, ko mutum nawa wannan saurayi ya kayar. Ya dube ni ya ce, “Wa ya ƙirga, ɗana? Mu dai mun san ba a kayar da shi ba.” Saurayin ya tafi cirani kudu a rani na huɗu, ya samu dako a wata kasuwa, bai sake shiga fage ba. Yau in ka cire tsofaffi 'yan kaɗan, babu wanda ya san an yi shi.

Abin ya daɗe yana ci mini rai, kuma abin mamaki, wasan da ya fi taimaka mini wajen gane inda matsalar take shi ne wanda ya fi kowane nisa da rayuwarmu: wasan zamiya a kan ƙanƙara.

A ƙasashe masu tsananin sanyi ake yin sa, a kan daskararren ruwa mai faɗin fili. Ɗan wasa yakan sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasansa kamar kaifin wuƙa, a sa masa kiɗa, ya yi ta sulu yana juyi, yana tsalle yana wulwulawa a sama kafin ya dira da ƙafa ɗaya. Hukumar da ke kula da shi a duniya, ISU, an kafa ta tun 1892. Ba wasan ne ya dame ni ba, don ba na jin za a taɓa daskarar da fili a Gaya. Tsarin gasarsu ne abin dubawa.

Tun 1995 suke da jerin gasa da ake kira Grand Prix. Gasa shida ake yi tsakanin Oktoba da Nuwamba, kowace a ƙasa daban, ciki har da Amurka da Kanada da Faransa da Japan. Ba a yarda ɗan wasa ya shiga duka shidan ba, biyu ce iyakarsa. Wanda ya zo na ɗaya a gasa guda yana da maki 15, na biyu 13, na uku 11, na huɗu 9, haka abin ke raguwa. A ƙarshe a tara wa kowa makinsa na gasa biyun, mutum shida na sama su haɗu a watan Disamba a fid da zakara. Ka ga ke nan, wanda ya yi tuntuɓe a gasar farko bai rasa komai duka ba, yana da dama ta biyu. Wanda kuma ya yi sa'a sau ɗaya, sa'ar ba za ta kai shi ƙarshe ba sai ya maimaita.

Wannan na manya ne. Abin da ya fi kama da buƙatarmu shi ne matakin ƙasa. A Amurka an shafe shekaru masu yawa ana bin wani tsani mai hawa uku: an raba ƙasar yanki tara, waɗanda suka yi fice a yanki su wuce gasar shiyya, shiyyoyin kuwa uku ne, ta gabas da ta tsakiya da ta gaɓar tekun yamma, daga nan sai gasar ƙasa baki ɗaya. Daga baya, a 2019, suka ƙirƙiro jerin gasannin share fage, inda ƙungiyoyin garuruwa ke karɓar baƙuncin gasa ɗaya bayan ɗaya, ana shigar da makin kowa cikin kundi guda. Kuma ba a haɗa ɗan koyo da gwani. Kafin yarinya ta shiga wani aji sai ta ci jarrabawar wannan ajin a gaban alƙalai. Saboda haka 'yar shekara goma a wani lungu ta san sarai matakai nawa ne tsakaninta da gasar ƙasa, ta san ranar kowane mataki, iyayenta sun san abin da za su tanada. Abu uku ne ke riƙe da tsarin: sanannun ranaku, rubutaccen sakamako, da tabbacin cewa wanda ya ci a nan zai hau can. Saurayin ƙauyenmu ko ɗaya daga ciki bai samu ba.

Wani zai ce ai wannan harkar Turawa ce da kuɗinsu. To mu tsallaka iyaka kawai, mu shiga Nijar, inda 'yan'uwanmu suka ɗauki wannan kokawar tamu ta bayan girbi suka yi mata tsani tun shekara hamsin da suka wuce. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka yi gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Tun daga nan gasar takobi take zagaya jihohin ƙasar, bana nan, baɗi can. Jihohi takwas ne: Agadas, Diffa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace takan zo da 'yan kokawa goma, jimilla tamanin. Su goman nan ba daga sama suke faɗowa ba, sai an tace su a gasannin cikin jiha kafin a tsayar da tawaga. A wurin gasar jiha takan kara da jiha, mutum da mutum, kwana da kwanaki. Duk wanda aka kayar ya fita daga neman takobi, ko da yake yana ci gaba da yi wa jiharsa kokawa. Kullum yawan waɗanda ba su faɗi ba yana raguwa, ƙasa gaba ɗaya tana ƙirgawa a bakin rediyo, har a kai ga mutum biyu. Wanda ya yi kaye na ƙarshe a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi, ya zama sarkin kokawa na shekara.

Dubi abin da ƙirga ta haifar. Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Yaro a Nijar zai iya gaya maka Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi sau shida, ya kuma yi maka gardama a kan ko ya fi na da. Ba a gardama irin wannan sai da lissafi a hannu. Ban yarda cewa yashin Doso ya fi na Toranke ko Kademi haifar ƙarfafa ba. Bambancin kawai, can an rubuta, nan an bar wa ƙwaƙwalwar tsofaffi.

Kuma kada a ce mutanen Gaya da Ajingi ba su san tsani ba. Sun san shi sarai, a wani fagen. Musabaƙar karatun Alƙur'ani da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ai hawa-hawa ake yin ta: ƙaramar hukuma, jiha, sannan ƙasa, daga nan wanda Allah ya ba shi ya wakilci Nijeriya a waje. An raba ta aji-aji gwargwadon izu, akwai alƙalai, akwai takardar maki. Malamin Islamiyya a Ajingi ya san lokacin da zai fara shirya ɗalibinsa, ya san inda zai kai shi in ya ci. Ba ina haɗa darajar karatu da ta wasa ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna cewa dabarar shirya gasa mai matakai ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, akwai mutanen da suka ƙware a kanta a cikin kowace ƙaramar hukuma.

Dambe ya bi wata hanyar daban. Shi ya baro ƙauye ya shiga birni, ya samu gidaje na dindindin irin na Ado Bayero Square a Kano da gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, ana karɓar kuɗin ƙofa, ana wasa kusan kullum. Ya kuma riƙe rabonsa na ɓangarori uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, wanda shi ke sa ɗan kallo ya san inda zuciyarsa take tun kafin a ɗaura zare. A 'yan shekarun nan kamfanoni sun shigo suna ɗaukar wasa suna watsawa a YouTube, har mutanen da ba su san ma'anar turmi ba suna kallo daga wasu nahiyoyi. Amma ko a damben, in ka tambayi yadda yaro daga Gurduba zai kai gidan dambe na birni, amsar ita ce sai wani ubangida ya gan shi ya ɗauke shi. Sunan Shago ma da ya kai yau, waƙar Ɗan Anace ce ta riƙe shi, ba kundin wata hukuma ba. Makaɗi kuwa ba kowa yake wa waƙa ba. Kokawa da dambe da langa duk suna cikin wasannin gargajiya da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, sai dai tazarar da ke tsakanin wannan biki da gonar da aka share a bayan gari tana da faɗi, kuma ba kowane gwani ne labarinsa ke kai wa ga masu zaɓen tawagar jiha ba.

Ga abin da nake gani zai yiwu, kuma ba ya buƙatar a jira Abuja. Masarautar Gaya a tsarin da aka yi a 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Gaya da Ajingi da Albasu. Wannan yanki ne daidai misali: bai yi girman da kuɗin mota zai gagari saurayi ba, bai kuma yi ƙanƙantar da kowa zai san dabarar kowa ba. A zaɓi garuruwa biyar ko shida masu kasuwa, a sa wa kowane ranarsa tun kafin a fara girbi, a sanar a masallatai da kasuwanni. A ce kowane ɗan kokawa zai shiga fage biyu ko uku daga ciki, ba duka ba, don kada mai babur ya fi mai ƙafa dama. A ba kaye makinsa, canjaras nasa. A ɗauko malamin makaranta guda a ba shi littafi mai bango da biro, ya rubuta sunan kowa da garinsu da wanda ya kara da shi da yadda aka tashi. Waɗanda suka fi maki su haɗu a Gaya a fid da zakaran kaka. Garin da tarihi ya ce maƙeransa ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙa, garin da aka ce daga cikinsa Abagayawa suka tashi suka je Dala neman tama, ba zai rasa maƙerin da zai ƙera abin da za a miƙa wa zakara ba.

Akwai abu guda da zan roƙa kada a aro daga masu zamiyar ƙanƙara, shi ne alƙalamin alƙali. Su wasansu ba a kayar da kowa, don haka dole wasu mutane su zauna su auna wa ya fi. Alƙalai tara ne a manyan gasa. Kowane tsalle yana da farashinsa a rubuce, alƙalai su ƙara ko su rage gwargwadon kyan yadda aka yi shi, daga ragin biyar zuwa ƙarin biyar, a jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a raba sauran. Duk wannan taka-tsantsan ɗin daga abin kunya ya samo asali. A gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City, an ba 'yan Rasha zinare a wasan bibbiyu alhali jama'a da yawa sun ga 'yan Kanada ne suka fi, sai wata alƙaliya 'yar Faransa ta ce an matsa mata lamba. Ƙarshenta aka ba ɓangarorin biyu zinare, a 2004 kuma aka watsar da tsohon tsarin maki gaba ɗaya. Har yau ba a daina ƙorafi a kan alƙalanci a wasan ba.

Kokawa ta tsira daga wannan. Mutum ɗari biyar suna kallo, baya ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba. Makaho ma daga ihu zai gane. Ranar da aka fara ba da maki don kyan tsayuwa ko yawan kai hari, ranar aka buɗe wa ɗan siyasa da mai kuɗi ƙofa, kuma mutanen ƙauye ba za su sake yarda da sakamakon ba. Aikin alƙalin fage ya tsaya a hana mugunta: kada a karya yatsa, kada a tsone ido, kada a shafa mai a jiki, a kuma gargaɗi mai gudun kamu. Lissafin ya zama na abin da kowa ya gani da idonsa.

Abin da ya kamata a aro babu kunya shi ne raba aji. A fagen ƙauye sau da yawa girman zuciya ke sa yaro ɗan sha bakwai ya fito wa ƙato mai 'ya'ya uku, jama'a na zuga shi. Na taɓa ganin inda irin wannan ya ƙare da gocewar kafaɗa, aka ɗauki yaro a amalanke zuwa wurin mai ɗori, makaɗa ba su ma tsaya ba. Aji uku sun isa: yara, matasa, manya. Sikelin da ake auna buhu da shi a kasuwa zai iya auna mutum. A kuma samu ma'aikacin lafiya guda a bakin fage, daga asibitin da ya fi kusa.

Maganar kuɗi ita ce mai wuya, kuma a nan ne nake da tsoro. Kyauta in ta yi tsoka, caca takan biyo ta, masu shaye-shaye su mamaye wuri, dattawa da malamai su juya baya, kuma suna da gaskiya in sun juya. Da yawa daga wasannin kaka da suka mutu a ƙasar Hausa ba talauci ne ya kashe su ba, lalacewar tarbiyyar fagen ce ta sa iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa. Saboda haka gara a fara da abin da manomi zai yi murna da shi, buhun taki, ko keke, ko ɗan maraƙi daga kasuwar Wudil, a yi wasa da rana tsaka a tashi kafin magariba, hakimi ko dagaci yana zaune. Makaɗa kuma a ba su haƙƙinsu a fili, don in babu su ba fage ba ne.

Sai lokaci, wanda shi ne ya fi komai matsewa. Masu ƙanƙara suna da wata da watanni. Mu kuwa taga ce 'yar ƙarama. Kafin a gama girbin dawa da roron wake hannun samari ba ya sakuwa, da sanyi ya kankama kuma motocin cirani sun fara lodi, wasu Kano, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu su gangara fadama noman rani. Abin da ke tsakani bai fi mako shida ko bakwai ba. Fage shida, mako shida, na bakwai a Gaya. In za a yi a kaka mai zuwa, tun damina tana tsakiya ya kamata dagatai su zauna su raba ranakun, a sayi littafin, a gaya wa malamin da zai riƙe shi.